Baba Ya Karɓa

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidanmu na Romi, kuma kusan duk wanda ya shigo da tambaya ɗaya ya zo. Za su zauna a kan kujerun roba da muka jera a ƙarƙashin rumfa, su ce Ubangiji ya ba Baba hutawa, ya ta'azantar da mu, su sha ruwa. Can sai mutum ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "Maman yara, ya karɓa kuwa?"

Ni kuma in ce, "Ya karɓa."

Shugabar matan zumunta da ta ji amsar, dafe ƙirji ta yi ta sauke numfashi, sai ga ta tana tayar da waƙar godiya a gidan makoki, sauran mata suna amsa mata. Makaniken da ke da gareji a bakin layinmu, mutumin gabas, ya zo da baƙin mai a hannu, bai ma zauna ba. Daga bakin ƙofa ya tambayi maigidana, ya ji amsa, ya yi alamar gicciye, ya koma bakin aikinsa. Tsohon katikis ɗinmu mai koyar da addini a coci, wanda ya daɗe yana fama da Baba a kan wannan magana, kuka ya yi sosai har aka miƙa masa hankici. Maigidana kuwa, ɗan Baba tilo, wanda na ɗauka sai an rirriƙe shi, shi ne ke zagayawa yana miƙa wa baƙi lemo fuskarsa a sake. Wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce ba ta taɓa ganin gidan rasuwa da mutanensa suke cin abinci da kyau irin namu ba.

A rana ta biyu wani Alhaji ya zo daga Tudun Wada, yana dogara sanda. Abokin aikin Baba ne tun suna masaƙa a Kakuri, inji ɗaya suka tsaya a kai shekaru masu yawa. Ya zauna yana sauraron tambayar nan tana yawo, har ya kasa haƙuri ya kira ni.

"'Yata, wai me ya karɓa ne da kowa ke murna?"

Na durƙusa kusa da shi na yi masa bayani iya sanina. Na ce a wurinmu Katolika, zuciyar ibada ita ce Jibi Mai Tsarki. Fada yakan tsarkake gurasa a kan bagade lokacin Mas, wato babbar sujadarmu, mu kuma mun gaskata Almasihu ne da kansa a cikinta, sai mutum ya je gaba a sa masa a baki. Na ce Baba ya yi fiye da shekara arba'in bai fasa zuwa Mas ba, bai kuma taɓa tashi ya je ya karɓa ba, sai a makon da zai rasu. Alhaji ya daɗe yana kallon sandarsa. Ya ce sun ci abinci a kwano ɗaya da mutumin nan ba adadi, bai taɓa sanin yana ɗauke da irin wannan nauyi ba.

Saboda jikokinsa nake wannan rubutu, da kuma saboda bakin mutane. A shekarun nan babu abin da ba a faɗa ba. Wasu sun ce yana da tsafi da ya binne a ƙauye, wasu sun ce rantsuwar ƙarya ya taɓa yi a masaƙa. Ni surukarsa ce, na zauna da shi gida ɗaya shekara goma sha huɗu, na kuma yi masa mummunan zato fiye da kowa, don haka ni ya kamata in gyara.

Wurinsa a coci sananne ne: bencin ƙarshe, gefen hanya, kusa da ƙofa. Idan lokacin Jibi ya yi, sai ya miƙe ya fita daga bencin don waɗanda ke ciki su wuce, ya jira su gama fita, sannan ya koma ya durƙusa. Leɓunansa suna motsi, idonsa yana kan bagade, har layi ya ƙare. Abin da ya fi ba ni haushi a da shi ne azuminsa. Mu an ce mana awa ɗaya kafin Jibi kada mu ci komai. Baba kuwa tsohuwar ƙa'ida yake bi, daga tashinsa ko ruwa ba ya sha sai an tashi daga Mas. Na sha ce masa wanda ba zai karɓa ba me ya haɗa shi da azumi, ya sha kokonsa mana. Sai ya ce in rufe masa kofin, zai dawo ya same shi.

Jar fitilar da ke ci kusa da akwatin da ake ajiye Jibi, ita ce gonarsa bayan an rufe masaƙa. Babu wanda ya ba shi aikin. In an ɗauke wuta, ko yana tsakiyar cin tuwo, zai wanke hannu ya sa hula ya tafi ya kunna ta kananzir mai jan gilashi da ya ajiye a bayan bagade. Cewa yake ba a barin babban baƙo a cikin duhu. In muna cikin keke muka wuce gaban kowace cocin Katolika, sai ya cire hula, ko da hannu ɗaya yake riƙe da ƙarfe direba yana faɗa wa rami.

A ɗakinsa akwai hotunan waliyyai da yake yankowa daga tsofaffin kalanda yana mannawa a bango. Sunayensu na Turawa ba sa zama a bakinsa, shi ma bai wahalar da kansa ba, ya raba musu dangantaka kawai. Akwai Yaya mai tsintsiya, baƙin nan da ya ƙare rayuwarsa yana share gidan ibada da jinyar marasa lafiya. Akwai Kawu mai tsaron ƙofa. Yana ba da labarinsu kamar jiya suka rabu a Sabon Tasha. In yara sun ƙi shara, sai ya ce Yaya yana kallonsu daga bango, shi da ya yi shara har ya shiga sama da ita. Amma wadda ya fi so ita ce Gwaggon hamada. Ba shi da hotonta ma, labarin kawai ya ji daga wani tsohon Fada. Mace ce da ta tuba ta shiga hamada ita kaɗai, ta yi shekaru masu yawa ba ta ga bagade ba. A ƙarshe Allah ya aiko mata da wani dattijon firist ya kawo mata Jibi sau ɗaya, ta karɓa, ta kwanta ta rasu. Duk sa'ad da ya kai nan sai muryarsa ta sauya.

Wata rana ina tsince wake ina jinsa yana ba yara wannan labari, bakina ya ƙi shiru. Na ce, "Baba, ai ita Gwaggo babu coci kusa da ita. Kai kuwa ga coci a bayan gida." Ya dube ni, ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar bai ci abincin rana ba. Na ji kunya, amma ban ba shi haƙuri ba, domin akwai tsohon haushi a cikina.

Haushin ya samo asali ne daga aurenmu. Ni 'yar Trikania ce, a nan aka haife ni, iyayena mutanen Binuwai. An gama duk abin al'ada, dangina sun shirya rako ni, aka ce na coci a yi shi daga baya in an huta, kamar yadda mutane da yawa suke yi. Baba ya ce atafau. Ya ce ba zan kwana a gidansa ko dare ɗaya ba sai an ɗaura a gaban bagade. Kawuna ya zo da kansa ya roƙe shi, ya ƙi. Haka na zauna a gidanmu wata huɗu da akwatunana a ɗaure, muna zuwa ajin aure, 'yan unguwa suna tambayata ko an fasa ne. Na sa a raina cewa tsohon nan ba ya so na. Ranar ɗaurin auren, da muka durƙusa ni da maigidana muka karɓi Jibi tare, na waiga na hango shi can baya ya rufe fuska da hannu biyu. Abin da na faɗa a zuciyata a lokacin, Allah ya gafarta mini, shi ne: ga mai tsare doka, shi kansa ba ya karɓa.

Duk da haka ban taɓa iya ƙin sa gaba ɗaya ba, ba ya barin mutum ya samu wannan damar. Duk Juma'ar farkon wata shi ke raka Fada gidajen marasa lafiya. Shi ya san wace tsohuwa ce ta daina fitowa, wane ne shanyewar jiki ta kwantar a wane lungu. Tun ranar Alhamis zai bi gidajen ya ce a share ɗaki, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a nemo kyandir. Inda babu mai yi, shi zai yi. Ranar Juma'a yana gaba da lema, Fada yana biye da shi, suna tsallake kwata. In an isa sai ya tsaya a bakin ƙofa daga waje, hula a hannu, har a gama. Da na yi cikin 'yata ta biyu likita ya hana ni tashi daga gado kusan wata uku. Makon da na yi masa maganar Gwaggon hamada bai daɗe da wucewa ba, ko gaisuwar kirki ba ma yi. Sai ga shi ranar Alhamis da tsintsiya a ƙofar ɗakina. Ya share, ya ɗauko farin ƙyallensa da ya goge da kansa ya shimfiɗa a kan ƙaramin tebur, ya ce gobe Fada zai zo mini. Washegari na karɓa a kwance, ina hango ƙafafunsa ta ƙarƙashin labule.

Abin da kowa ya sani game da shi kaɗan ne. Ya zo Kaduna daga ƙauyensu na wajen Filato yana saurayi, ya koma ya auro Mama, uwar maigidana, auren al'ada. A ƙa'idar ikilisiya, waɗanda ke zaman aure ba a ɗaura musu a coci ba, ba sa karɓar Jibi har sai an gyara. Mama ta rasu kafin a gyara, maigidana yana ɗan shekara huɗu, Baba kuma bai sake aure ba. To amma wannan ba dalili ba ne, domin da rasuwarta babu sauran abin da ya hana shi. Kowane sabon Fada da aka kawo mana sai ya kira shi ofis ya faɗa masa haka. Baba zai saurara da ladabi, ya ce, "Na ji, Fada, na gode," ranar Lahadi a gan shi a bencinsa. Yana zuwa furta zunubi a kai a kai, yana fitowa ya koma baya. Katikis ya taɓa tare shi a harabar coci da faɗa, ya tambaye shi ko ya fi Fada sanin doka ne. Baba ya ce ba maganar doka ba ce.

Da damina ta kama bara, ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Muka yi ta zarya asibiti har likita ya kira maigidana gefe ya ce zuciyar ta gaji, a mai da shi gida a lallaɓa shi. Da jiki ya yi tsanani muka kira Fada. Na share ɗakin, na shimfiɗa farin ƙyallen nan nasa, na kunna kyandir. Fada ya saurari furcinsa su biyu, sannan ya kira mu muka shiga, ya shafa masa mai a goshi da tafin hannu. Da ya ɗaga Jibi ya matso da shi, Baba ya dube shi da irin kallon da ban taɓa gani a fuskar mutum ba, sai ya rufe baki ya juya ga bango, hawaye yana bin kunnensa. Fada ya jira, ya yi masa magana a hankali, ya sake jira. Daga baya ya mai da Jibi cikin ƙaramin mazubinsa, ya sa masa albarka, ya ce a kira shi kowane lokaci.

Na iske maigidana a bayan gida kusa da tankin ruwa yana kuka kamar yaro. Ya ce bai damu da maganar mutane ba, tsoronsa kada ubansa ya tafi da yunwar abin da ya fi so a duniya. Ni ma tsoron ya kama ni, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa yake zama.

Da rana na kai masa kunun acca. Ya sha cokali biyu, na ajiye kofin da ƙarfi. Na ce, "Baba, yau sai ka faɗa mini. Ka zaunar da ni wata huɗu a gidan ubana saboda Jibi. Ka kai wa rabin Romi har gado. Ɗanka yana can yana kuka. Me ka yi da ya fi ƙarfin gafarar Allah?"

Na ɗauka zai juya mini baya. Sai ya ce in rufe ƙofa in zauna.

Da numfashi sama-sama ya ba ni labarin. Mama tun tana 'yar shekara tara take karɓar Jibi, ba ta fashi. Aurensa ne ya raba ta da shi. Tun watan farko take roƙonsa su je su gyara, shi kuma yana cewa bari. Bari a yi bayan girbi don dangi su samu zuwa. Bari ya samu hutu a masaƙa. Bari tela ya gama masa kwat, don ba zai tsaya gaban jama'a da rigar aiki ba. Yana so a yi biki da za a daɗe ana magana. Shekara biyar tana zama a bencin baya tana kallon ƙawayenta suna wucewa. Ta sa shi ya yi mata alkawari cewa ranar da za su koma, tare za su durƙusa. A ƙarshe aka sa rana, har an yi shela a coci sau biyu, saura mako guda, zazzaɓi ya kwantar da ita a asibiti. Da ya ga jikin ya ƙi, ya hau mota ya tafi ƙauye ɗauko mahaifiyarta. Kafin su dawo ta cika.

Ya ce, "Ni na tashe ta daga teburin nan, 'yata. Ta tafi ba ta koma ba, saboda kwat. Da wane baki zan je in ci ita ba ta ci ba?"

Sai a lokacin na gane wata huɗun nan nawa. Na ce masa Allah ba haka yake ba, Fada ma ya faɗa masa. Ya ce ya sani, bai ce Allah ne ya hana shi ba. Na fita da kofin kunun, ban san abin da zan gaya wa maigidana ba.

Bayan kwana biyu Inna ta zo dubiya daga wajen Akwanga. Ƙanwar Mama ce, autarsu. Wani ɗan wata ɗariƙa ta aura tun tana yarinya, can cocin mijinta take zuwa, ba ta taɓa shiga Mas tare da Baba ba. In ta zo Kaduna shekara-shekara, tsokana ce kawai tsakaninsu irin ta miji da ƙanwar mata, ita ta ce ya tsufa, shi ya ce ta fi shi furfura. Muna kicin ina yanka alayyafo tana tuƙa mini tuwo, na ga ba zan iya riƙe maganar ni kaɗai ba, na zayyana mata komai. Ina cikin cewa Mama ta rasu ba ta karɓa ba, sai na ji muciya ta tsaya.

Inna ta ce, "Wa ya ce ba ta karɓa ba?"

Ta zauna a kan turmi. Ita ce ke jinyar yayarta a asibitin nan, tana 'yar shekara goma sha shida. Da safiyar ranar da Baba ya tafi ƙauye, wani Fada yana zagaya gadaje, Mama ta ce a kira shi. Ya ja labule suka yi magana su biyu, sannan ya shafa mata mai ya sa mata Jibi a baki, Inna tana tsaye riƙe da kofin ruwa. Bayan ya tafi Mama ta ce mata in mijinta ya dawo ta gaya masa ta karɓa, ya yafe mata da ba ta jira shi ba, shi ma ya je ya karɓa. Da yamma Baba ya iso ya tarar da gawa, ya faɗi a ƙasa, aka ɗauke shi ranga-ranga. Yarinyar ta ga halin da yake ciki, ta ji tsoron ce masa matarsa ta karya alkawarinsu, ta ce bari sai ya samu sauƙi. Bayan mako guda aka koma da ita ƙauye tare da uwarta. Shekaru suka wuce, ita a zatonta yana karɓa kamar kowane Katolika, to me za ta tono.

Na ce ta bar tuwon ya ƙone. Na kama hannunta muka shiga.

Ta durƙusa a bakin gadon, babu tsokana ranar. Ta faɗa masa tana kuka, tana neman gafara. Baba bai motsa ba. Da ta gama sai ya fara yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duba yadi a masaƙa. Da ƙarfe nawa? Tana cikin hankalinta? Ta iya haɗiyewa? Inna ta ce ta haɗiye, ita ta ba ta ruwa a bayansa, har ta yi murmushi ta ce a gyara mata ɗankwali. Ya sa ta maimaita saƙon sau biyu. Sai ya rufe ido, ƙirjinsa ya fara girgiza, na tsorata na ɗauka numfashin ne. Ashe dariya yake yi, hawaye yana zuba.

Ya ce, "Matar nan. Ashe ta ci ta bar ni ina gadin ƙofa."

Inna ta ce ita ta cuce shi, shekara talatin da shida. Ya ɗora hannu a kanta ya ce shi da ya yi ta cewa bari shekara biyar ba shi da bakin yi wa wani faɗa a kan bari. Sannan ya dube ni ya ce in kira Fada ya zo da safe, in kuma buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Kwat ɗin na ciki, baƙi, a naɗe cikin takarda, yana warin maganin asu, ba a taɓa sa shi ba. Na shanya shi na goge. Da safe maigidana ya yi masa wanka ya sa masa. Kafaɗun sun yi masa yawa, wandon bai shiga kumburarrun ƙafafun ba, sai muka rufa masa zane daga ƙugu. Na kawo masa koko don ya jiƙa maƙogwaro, ya ce in rufe masa kofin. Ya so ya durƙusa, jiki ya ƙi, muka jingina shi da filo. Da Fada ya ɗaga Jibi, Baba ya buɗe baki tun kafin ya iso gare shi. Bayan ya karɓa ya rufe ido ya daɗe, babu wanda ya yi tari a ɗakin. Inna da ba cocinmu take ba tana durƙushe tare da mu. Fada da kansa sai da ya tsaya a tsakar gida ya share ido kafin ya fita.

Da ya buɗe ido ni ya fara gani. Ya ce, "Kawo kokon nan." Ya shanye kofi guda, abin da ya yi mako biyu bai yi ba.

Gwaggon hamada sau ɗaya ta samu, Baba ya fi ta sa'a, sau huɗu ya karɓa, domin Fada ya riƙa biyowa kullum bayan Mas na safe. A kwanakin nan ya koma mai surutu. Ya tsokani Inna, ya kira katikis ya ba shi haƙurin faɗan da suka yi, ya ce wa maigidana ya tabbata ana zuba wa jar fitila kananzir. Ni kuma na samu na ba shi haƙurin da na daɗe ina riƙewa, na maganar cocin bayan gida da sauran su. Ya ce ai da ba don bakina ba da har yanzu yana kallon bango. A rana ta biyar da hantsi, muna zaune kusa da shi, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. A cikin kwat ɗin muka binne shi.

Na yi kewarsa, ba zan ɓoye ba. Har yau in an ɗauke wuta sai in ji kamar zan ji motsinsa yana neman hula. Hotunan waliyyansa suna nan a bango, yara sun hana a cire, kuma ƙaramarsu tana share ɗakin don kada Yaya mai tsintsiya ya ga ƙura.

Lahadin farko bayan jana'iza muka makara, babu wuri sai can baya, muka zauna a bencinsa. Da lokacin Jibi ya yi na miƙe, na tsaya daga ciki ina jiran Baba ya fita ya ba ni hanya, kamar yadda ya saba yi wa masu zama a bencin. Babu kowa a gefen. Maigidana ya taɓa kafaɗata ya ce in wuce, layi yana tafiya. Na karɓa, na juyo ina dawowa, idona ya kai bakin ƙofa inda kullum nake hango shi a durƙushe shi kaɗai cikin benci babu mutane. Wurin fayau yake. Shekara goma sha huɗu ina duban wurin nan da haushi ko da tausayi, ranar ce na dube shi na ce Allah na gode.